Na ci jarrabawa, sun ce aikin na masu lafiya ne: in sayi gurbi ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28. Shan-inna ta taɓa ƙafafuna tun ina ƙarami, da keke nake zirga-zirga. Na yi digiri a fannin akanta, na gama bautar ƙasa. Wata hukumar gwamnatin tarayya ta buɗe ɗaukar ma'aikata, na cike, na zauna jarrabawar kwamfuta, sunana ya fito cikin waɗanda aka kira intabiyu. A hawa na biyu aka yi intabiyun, ga shi babu lifta, sai masu gadi ne suka ciccibe ni zuwa sama a gaban jama'a. Ban yi minti biyar a ciki ba. Babu wanda ya yi mini tambaya kan abin da na karanta. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, ai wannan aikin na masu lafiya ne, gara ka nemi tallafi a ba ka jari." Sati uku ke nan da fitar da sunaye, babu nawa. Yanzu yayana ya samo wani mutum da ya ce yana da hanya a can, a kawo naira miliyan biyu a ba ni ofa. Baba ya ce zai sayar da gonarsa. Inna kuma ta ce in haƙura, ba rabona ba ne. Malam, in biya, ko in haƙura, ko akwai inda zan kai kukana a ji?

Ɗan'uwanku daga wani gari a arewa maso yamma

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Zan fara da gonar Baba, domin ita ce abin da za a iya rasawa cikin satin nan. Don Allah kada a sayar. Ka je ka same shi yau, ka yi masa godiya irin wadda ta dace da uban da ya yarda ya rabu da abin da yake ci da iyali saboda ɗansa, sannan ka ce masa ka fasa. Idan nauyin bakin ya yi maka yawa, ka ɗauki wani kawunka da yake jin maganarsa ku je tare.

Ga dalili. Masu sayar da gurbin aiki iri biyu ne. Akwai wanda ba shi da komai a hannu sai baki da tsohuwar takarda mai tambarin gwamnati da ya yi wa kwaskwarima a kwamfuta. Shi wannan zai karɓi rabi ya ce a jira, ya karɓi ragowar ya ce an dakatar da ɗaukar aiki daga sama, daga nan wayarsa ta daina shiga. Akwai kuma wanda da gaske yana ciki, yana iya fito maka da ofa har ka fara zuwa ofis. Wannan ya fi haɗari, domin ranar da aka zo tantance ma'aikata za a nemi sunanka a takardun hukumar da ta ɗauke ka a rasa. Ofishin shugabar ma'aikatan tarayya da kansa ya sanar a shekarun baya cewa an gano fiye da mutum dubu da takardun kama aiki na bogi, aka cire su daga tsarin albashi na IPPIS. Wasunsu sun yi aure da wannan albashin, sun kama haya, sun sa yara a makaranta. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan cinikin guraben aiki, mutane suka tsaya a gabansa suka faɗi da bakinsu cewa sun biya kuɗi, wasu ma har lokacin ba a tura su ko'ina ba. Kuma dokar shekarar 2000 da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ba ta bar mai bayarwa ba: wanda ya ba da cin hanci da wanda ya karɓa, kowannensu na iya fuskantar ɗaurin shekara 7. Wato idan mutumin ya cinye kuɗin Baba, ƙafarka ma za ta yi nauyin zuwa kai ƙara.

Na san za a ce maka ai malamai sun yi sauƙi ga wanda aka tilasta wa biya don ya karɓi haƙƙinsa. Akwai masu wannan magana, amma ka duba da kyau ko ta hau kanka. Haƙƙinka shi ne a auna ka da ma'aunin da aka auna kowa. Gurbin da za a sayar maka kuwa na wani ne, watakila wani yaro da ya ci jarrabawa kamar yadda ka ci, wanda babansa ba shi da gonar sayarwa. Hadisin da ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa sananne ne. Kai da aka zalunta jiya, ba na so a wayi gari da hannunka cikin zaluntar wani.

Yanzu maganar abin da aka yi maka a ɗakin nan. Ina so ka san cewa ba rashin ladabi kawai mutumin ya yi ba, doka ya taka. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ake kira dokar 2018. Sashe na 1 ya hana kowane mutum ko hukuma nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, ya kuma sa tarar naira miliyan ɗaya ga hukuma ko kamfani, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya, ko duka biyun. Sashe na 28 ya ce kana da haƙƙin neman aiki daidai da kowa. Sashe na 29 ya ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu buƙata ta musamman su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Har benen da aka ciccibe ka a kansa dokar ta yi magana a kai: ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga yadda mai keke zai shiga da kansa, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Kafin duk wannan, Najeriya ta rattaba amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2010.

Sai dai ba zan ɓoye maka raunin da ke ciki ba, don kada ka shiga da ƙarfin da babu shi. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda kowa ke ambata idan ana maganar wariya, ya lissafa ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa da sunanta ba, ko da yake ya hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Kashi 5 ɗin nan kuma an rubuta shi da lafazin "iya ƙoƙari", kuma da wannan lafazin hukumomi da yawa suke fakewa. Don haka kada ka gina ƙorafinka a kan cewa dole a ba ka aiki saboda kana cikin kashi 5. Ka gina shi a kan abin da ya fi ƙarfi: ka ci jarrabawa da kanka, an kira ka, aka ƙi yi maka tambayoyin da aka yi wa sauran, aka faɗa maka a fuska cewa ƙafarka ce dalili. Mai yiwuwa ne da an yi maka intabiyun gaskiya wasu su fi ka maki. Wannan babu wanda ya sani, domin ba a gwada ba, kuma rashin gwadawar shi ne laifin.

Abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarka shi ne kalmar "tallafi". Mu a ƙasar Hausa mun daɗe da ware wa mai naƙasa wurin zama. Muna da Sarkin Makafi, muna da Sarkin Guragu, muna ba da sadaka a ƙofar masallaci ranar Juma'a da zuciya ɗaya, kuma ba na raina wannan alheri. Amma idonmu ya saba da ganin mai keke yana miƙa hannu, har ya zama idan ya zo da fayil a cinyarsa yana neman kujerar akanta, sai wasu su rasa inda za su ajiye shi. Mutumin nan mai yiwuwa har cikin ransa yana ganin shawara ta gari ya ba ka. Aikin akanta kuwa da kai da ido da yatsu ake yi, a zaune. Su waɗanda suka yi maka intabiyun ma a zaune suka wuni.

Wannan ya kawo ni ga maganar Inna. Gaskiya ta faɗa, rabo na Allah ne, abin da ba naka ba ba zai zo ba ko da ka sayar da gona goma. Ka karɓi haƙurin da ta ba ka, zai hana zuciyarka ƙonewa. Amma haƙuri bai hana mutum faɗin an zalunce shi ba. Ka tuna mata da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, wanda kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha bar wa jagorancin sallah a Madina idan zai yi tafiya. Ba jari aka ba shi ya koma gefe ba, amana aka ɗora masa. Ina ganin idan ka zaunar da ita ka ce, "Inna, na haƙura da aikin idan ba rabona ba ne, amma zan rubuta don kada a yi wa na bayana," za ta sa maka albarka.

To, ga yadda za ka yi, kuma lokaci yana da muhimmanci.

A daren yau ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk abin da ya faru tun daga bakin get: ranar, ƙarfe nawa, wane hawa, mutum nawa ne a teburin, wa ya yi maganar, a wane gefe ya zauna, da ainihin kalmomin da ya furta ba tare da ƙari ba. Idan ba ka san sunansa ba ka siffanta shi. Ka sa kwanan wata ka sa hannu. Bayan wata uku ƙwaƙwalwa za ta fara haɗa abin da aka faɗa da abin da ka ji a ranka, lauyan ɗaya ɓangaren kuma da irin wannan yake kayar da mutum. Ka tattara silif ɗin da ka cire bayan cike fom, da sakamakon jarrabawa in an ba ku, da saƙon waya ko imel da aka gayyace ka da shi, da jerin sunayen da aka fitar. Ka ɗauki hoton kowanne ka tura wa kanka ta imel, saboda waya tana faɗuwa. Cikin waɗanda kuka yi layi tare a ranar, akwai wanda kuka yi musayar lamba? Ka kira shi. Ko bai ji abin da aka faɗa a ciki ba, ya ga an ɗauke ka a matakala, ya kuma ga ka fito kafin ya gama gyara zama, alhali wasu suna yin minti ashirin. Wannan ma shaida ce. Saƙonnin mutumin da ke neman miliyan biyu su ma kada yayanka ya goge su.

Sai wasiƙa ta farko, zuwa ga shugaban hukumar da kanta. Shafi ɗaya ya isa. Babu zagi, babu "Allah ya isa", babu roƙo. Ka faɗi lambarka ta jarrabawa, ka faɗi abin da ya faru, ka ambaci dokar 2018, ka nemi abu biyu: a binciki maganar, a kuma sake yi maka intabiyu a wurin da za ka iya shiga da kanka. A wata takarda daban ka yi amfani da dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, ka nemi makin da ka samu a jarrabawa da na intabiyu, da makin da aka tsayar na cin nasara, da adadin masu buƙata ta musamman da aka ɗauka a wannan zagaye. Dokar ta ba su kwana 7 su amsa, kuma ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. Idan sun ƙi ko sun yi shiru, kana da kwana 30 ka kai maganar kotu.

Yadda za ka miƙa takardun ya kai abin da ke cikinsu muhimmanci. Ka yi kwafi biyu na kowacce. Ka kai rajista, wato ofishin karɓar wasiƙu, ba hannun wani darakta da aka ce yana da kirki ba. Akawun da ke wurin zai buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu. Kada ka bar teburin sai ka ga tawadar a kan takardarka. Za a iya ce maka "bar ta kawai, za mu kai," ko "mai hatimin ya fita salla." Ka ce ba komai, za ka jira. Wasiƙar da ba ta da hatimi, a idon ofis ba a taɓa kawo ta ba. Idan hedikwatar tana Abuja kuma zuwa zai yi maka wuya, ka aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit da shaidar an karɓa.

Kada ka zauna jiran amsarsu kafin ka buga sauran ƙofofin. A ƙasan wasiƙar ka nuna ka aika kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020 domin ta tsaya kan wannan doka. Jami'i yana karanta wasiƙa da wani ido daban idan ya ga wata hukuma ma ta samu. Sai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda take tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi. Ita tana da ikon rubuta wa hukuma ta nemi bayani da fayil, amma ba ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu, don haka ita ake fara zuwa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ma tana da ofisoshi a jihohi. Ita kuwa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, aikinta ya fi karkata ga rabon gurabe tsakanin jihohi, ba naƙasa ba, don haka ka aika mata kwafi kawai kada ka ɗora begenka a kanta. Maganar mai sayar da ofa ta ICPC ce, kuma ita daban ce da ƙorafinka, kada ka cakuɗa su a takarda ɗaya.

Idan aka kai ga shari'a, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron rigingimun aiki, har da na nuna wariya, tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010. Amma ka ga lauya tun yanzu, kada ka bari sai an ƙi ka. Akwai tsohuwar doka da ke kare jami'an gwamnati wadda ta ce a shigar da ƙara a kansu cikin wata 3, lauyoyi suna ta jayayya kan ko ta shafi maganar aiki ko ba ta shafa ba, kai dai kada ka bari a gwada ta a kanka. Sati uku sun riga sun tafi. In babu kuɗin lauya, ka gwada ofishin Hukumar Ba da Taimakon Lauya da ke jiharku, ko ka tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku su wane ne ke karɓar irin wannan shari'a kyauta.

Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, JONAPWD, tana da rassa a jihohi. Ka je ka same su da fayil ɗinka. Zan yi mamaki idan kai kaɗai aka yi wa haka a wannan zagayen. Takarda mai sa hannun mutum ɗaya ana iya jefa ta a durowa, amma idan makaho ya ce shi ba a ba shi mai karanta masa tambayoyi ba, kurma ya ce shi babu mai fassara da hannu, kai ka ce naka, to an tashi daga zancen rashin sa'ar mutum ɗaya an koma zancen yadda hukumar ke aiki. Za a ba ka shawarar ka watsa abin a Facebook. Ka riƙe wannan tukuna. Idan ka kama sunan mutum a fili ba ka da shaida a hannu, za a juya maganar ta koma ɓata suna, kai da ke ƙara ka zama wanda ake ƙara. In ƙungiya ta ga lokacin zuwa gidan rediyo ya yi, ku je tare da takardu masu hatimi.

Ba zan yi maka alkawarin za a kira ka a ba ka wannan aikin ba. Sau da yawa abin da ake samu shi ne a sake kiran mutum intabiyu, ko a tuna da sunansa a zagaye na gaba, ko a ja wa jami'in kunne a sauko da intabiyu ƙasa. Wani lokacin shiru ne na watanni. Shi ya sa nake so ƙorafin ya zama aikin rana ɗaya a sati, sauran kwanakin na neman gaba ne. Ka ci gaba da cike duk gurbin da aka tallata, na tarayya da na jiha. Ka tuna ɗaukar aikin gwamnati na gaskiya ba a biyan kuɗi a asusun wani mutum. Ka nemi takardar shaidar naƙasa ta hukuma ka haɗa da takardunka. Idan da hali, ka fara jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, domin duk wanda ya ga wannan a fayil ɗinka sai ya sake tunani kafin ya yi maka zancen jari. In Baba ya nace sai ya kashe wani abu a kanka, to ga inda kuɗin amfanin gona ɗaya zai yi aiki, gonar kuma tana nan.

Ranar da aka sake kiran ka intabiyu, a ko'ina ne, ka rubuta musu tun kafin ranar: kana amfani da keke, kana neman a yi naka a hawan ƙasa ko a wurin da ke da lifta. Ka riƙe kwafi mai hatimi. Idan ka isa aka ce sai an ɗauke ka, kana da damar cewa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, na rubuto tun ranar kaza, ina roƙon kwamitin ya sauko." Idan kuma wani ya sake kawo zancen lafiyarka, kada ka yi fushi, kada ka yi shiru. Ka ce, "Yallaɓai, wane ɓangare na aikin kake ganin ba zan iya ba? A gwada ni a kansa yanzu." Ka tafi da abokin da zai jira ka a waje ya lura da lokacin shigarka da na fitarka.

Idan ka rubuta wasiƙar farko, ka turo mini in duba maka kafin ka kai, ka cire sunanka da lambarka in kana so. Ka gaida Baba da Inna. Allah ya buɗa maka ta hanyar halal.